Yadda Ake Bin Diddigin Kakan Da Aka Kora Ostireliya A Matsayin Fursuna

Assalamu alaikum jama'a. Tun ranar da na ba da labarin yadda muka gano kakar kakar matar ƙanena a cikin rajistar fursunonin Tasmaniya tambayoyi ba su tsaya ba, wani ya ce dangin matarsa ma suna da irin wannan labarin amma ba wanda ya san gaskiyarsa, wata ta ce yaronta aka ba aikin makaranta ya kawo salsalar gidansu ta wajen uba ita kuma ba ta san ta ina za ta kama ba. To na gaji da amsa ɗaya bayan ɗaya, bari na zauna na rubuta shi gaba ɗaya yadda na bi shi da kaina.

A taƙaice dai, tsakanin 1788 da 1868 gwamnatin Birtaniya ta tasa ƙeyar mutum wajen 162,000 zuwa Ostireliya, kusan 25,000 a cikinsu mata ne. Abin da zai taimake ka shi ne fursuna ya fi mai 'yanci takardu. Talakan da ya biya kuɗin jirgi ya je da ƙafarsa sai ka sha wuya kafin ka ga sunansa a wani wuri, amma fursuna an auna tsayinsa, an rubuta launin idonsa da tabon da ke goshinsa, duk bulalar da aka yi masa tana rubuce. Matsalar guda ɗaya ce, kuma ita zan ta maimaitawa har ku gaji da ni, tabbatar da cewa wanda ka gani a takarda naka ne ba na wasu ba.

1. Fara daga gida, kar ka fara daga intanet

Kayan aikin ba su da yawa. Littafi ɗaya da biro, kwamfuta ko waya mai faɗin fuska (rubutun hannun mutanen da ba ya karantuwa a ƙaramar waya, idonka zai yi ciwo a banza), data mai kyau, sai folda ɗaya da za ka riƙa zuba hoton duk takardar da ka samu. Kowane hoto ka sa masa suna da zai tuna maka daga ina ka ɗauko shi da lambar takardar, don wallahi bayan wata biyu ba za ka tuna ba.

Sai ka je wajen tsofaffin gidan. Mu wata dattijuwa ce a dangin matar ƙanena 'yar shekara tamanin da ɗoriya, muka je da ƙanena da matarsa, ta fito da wani tsohon gwangwanin biskit cike da hotuna da katin jana'iza, a bayan wani hoto an rubuta suna da fensir har ya kusa gogewa. Wannan sunan shi ya zama bakin zaren. Ka tambayi cikakken suna, sunan mace kafin aure (wannan yana da muhimmanci sosai tunda matansu suna ɗaukar sunan miji), garin da aka binne mutum, cocin da suke zuwa.

Hattara a nan: labarin gida ka rubuta shi amma kar ka ɗauke shi hujja. Shekaru da yawa samun fursuna a dangi abin kunya ne a Ostireliya, iyalai sun ɓoye, wasu suka ce kakansu ma'aikacin jirgi ne ko soja ko ya zo neman zinare. Yanzu kuma abin ya juya ya zama abin alfahari, sai ka ji kowa na cewa kakansa burodi ɗaya kawai ya sata don yunwa. Wani lokaci gaskiya ne, sau da yawa kuma sai ka tarar tufafi ne ko agogo ko tunkiya, kuma ba karon farko ba ne.

2. Koma baya da takardun mutuwa da na aure

Daga wanda kowa ya sani za ka fara, ka riƙa ja da baya tsara bayan tsara, kowane mataki da takardarsa. Kar ka tsallake ko mutum ɗaya. Takardun shaidar mutuwa na jihohin New South Wales da Victoria suna da albarka, akwai sunan iyaye, inda aka haifi mamaci, wa ya aura, 'ya'yansa, da shekara nawa ya yi a ƙasar. Wannan na ƙarshen shi kake nema, idan ya rasu 1880 aka ce ya shekara 45 a ƙasar ka ga ke nan wajen 1835 ya iso.

Gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Tasmaniya 1838, Yammacin Ostireliya 1841, Victoria 1853, New South Wales 1856. Kafin waɗannan shekarun sai littattafan coci. Duba jerin sunaye a shafin yawancin jihohin kyauta ne, a New South Wales za ka ga haihuwar da ta wuce shekara 100, auren da ya wuce 50, mutuwar da ta wuce 30. Takardar kanta ce ake biya, tana haura dala 30 ta Ostireliya kowace ɗaya, shi ya sa mutane ke zuwa wajen masu kwafo bayanin da hukumar ta amince da su, sun fi araha kuma bayanin ɗaya ne. Tasmaniya kuwa tsofaffin nata suna nan kyauta da hotonsu.

Ka kula, wanda ya mutu ba shi ya cika takardar mutuwarsa ba. Ɗansa ne ko maƙwabci ko ma'aikacin asibiti, sun faɗi abin da suka sani ko abin da aka gaya musu. Tsohon fursuna sau da yawa yakan rage shekarun zamansa don kar a gane da wane irin jirgi ya zo. Haka kuma don mutum ya rasu a Victoria ko Kudancin Ostireliya ko New Zealand ba shi ke nuna bai taɓa ɗauri ba, da aka gano zinare a Victoria 1851 tsofaffin fursunonin Tasmaniya da yawa sun tsallaka can, wasu ma da sabon suna.

3. Sunan jirgi da shekarar isowa

Idan za ka manta komai a rubutun nan kar ka manta wannan. A duk tsarin fursunonin nan ba a gane mutum da sunansa kawai, da jirginsa ake gane shi. Kowace takarda, ta aure ce ko ta hukunci ko ta 'yanci, za ka ga suna sannan sunan jirgi a gefe, kamar yadda mu za mu ce wane ɗan gidan wane. Masu suna John Smith ko Mary Murphy sun fi a ƙirga, jirgin ne ke raba su.

Kuma sunan jirgin ma shi kaɗai bai isa ba sai da shekara, don jirgi ɗaya yakan yi sawu da yawa. Jirgin Surry sau 11 ya yi jigilar fursunoni, sannan akwai jirage daban-daban masu suna ɗaya kamar Asia.

Ina za ka samo shi? Idan mutuminka yana New South Wales kafin 1828, nemi ƙidayar jama'a ta watan Nuwamba 1828, ta tsira gaba ɗayanta kuma an rubuta jirgi da shekara a gaban kowa, da wasu haruffa da ke nuna matsayinsa. CF ya zo da 'yancinsa, BC a ƙasar aka haife shi, GS fursuna ne mai aikin gwamnati ko na wani ubangida, TL yana da takardar ɗaurin talala, FS ya gama wa'adinsa, CP da AP kuma afuwa ce. Idan ka ga CF to ka tsaya, ba fursuna ba ne, sai dai in ƙarya ya yi wa mai ƙidaya, kuma an yi hakan. Wata hanyar ita ce takardar neman izinin aure, fursunan da bai gama wa'adi ba dole ya nemi izinin gwamnati kafin ya yi aure kuma a nan ana rubuta jirgin ango da na amarya. Mu ta nan muka kama tamu.

Bayan haka sai ka shiga rumbun bayanan da ɗakin karatu na jihar Queensland ya ɗora kyauta, sunaye sama da 123,000 da aka kwafo daga rajistar HO 11 ta Landan (HO 11 lambar rukunin takardun ce a ma'adanar gwamnatin Birtaniya). Zai ba ka suna, kotun da ta yanke hukunci, ranar hukunci, tsawon wa'adi da jirgi. Wa'adin yawanci shekara 7 ne ko 14 ko rai-da-rai.

A nan na yi kuskuren da ya ci min mako uku. Na ga bishiyar dangi da wani ya ɗora a intanet, sunan matar daidai, shekarun ma sun yi kusa, na yi murna na kira ƙanena na gaya masa. Na bi ta har kotu har garinsu. Sai daga baya na buɗe takardar halayenta, wato inda hukuma ke rubuta laifuffukan fursuna da hukuncinsa, na ga a ƙasan shafin an rubuta ta rasu a gidan yarin mata shekaru kafin a haifi ɗan da muke bi. Ba tamu ba ce, mata biyu ne masu suna ɗaya a jirage biyu. Abin da ya fi damuna ba lokacin da na ɓata ba ne, na riga na gaya wa dattijuwar nan kuma ta yi kuka a kan labarin wata baiwar Allah daban, dole na koma na ce mata a yi haƙuri. Tun daga ranar ba na karɓar mutum sai abu uku sun haɗu: jirgi da shekara, sunan wanda ya aura, da garin da ya zauna bayan an sake shi. Bishiyar da wasu suka ɗora ka ɗauke ta jita-jita har sai ka ga takarda da idonka.

Wajen bincike ka gwada rubutun suna kala-kala. Yawancinsu ba su iya rubutu ba, akawu ne yake rubuta abin da kunnensa ya ji. Ga kuma sunan ƙarya. Mary Reibey da hotonta ke jikin takardar dala 20 ta Ostireliya, sunanta na gida Molly Haydock, da aka kama ta 1791 da laifin satar doki tana 'yar yarinya shigar maza ta yi tana amsa sunan James Burrow. Idan wadda ta shahara haka tana da suna uku to naka ma zai iya.

4. Bi shi cikin yankin da aka sauke shi

Wurare uku ne manya kuma kowanne da nasa ma'adanar. New South Wales daga 1788 zuwa 1840, Tasmaniya har 1853 (a takardun za ka ga Van Diemen's Land ko VDL, sai 1856 aka sauya sunan), Yammacin Ostireliya daga 1850 zuwa Janairu 1868 da jirgin Hougoumont ya sauke na ƙarshe a Fremantle. Yammacin maza zalla aka kai, wajen 9,700, don haka idan mace kake nema kar ka ɓata lokacinka a can. Kudancin Ostireliya ba a taɓa kai mata jirgin fursunoni ba.

Idan Tasmaniya ce ka yi sa'a. Shiga shafin Libraries Tasmania ka nemi Names Index, ka rubuta suna, komai kyauta har hoton ainihin littafin. Lambobin da za ka riƙa gani: CON31 da CON33 littafin halayen maza, CON40 da CON41 na mata, CON18 da CON19 siffar jiki, CON14 da CON15 takardar isowa, CON52 izinin aure. Littafin halaye shi ne zuciyar abin. A saman shafi akwai laifin da aka kai shi a kai da abin da shi da bakinsa ya faɗa da aka tambaye shi a tashar jirgi, a ƙasa kuma duk abin da ya yi a ƙasar, buguwa, fita ba izini, yi wa ubangida rashin kunya, da hukuncin kowanne, bulala nawa, kwana nawa a ɗakin duhu kan burodi da ruwa, ko a tura shi gwale-gwale Port Arthur, mace kuma a mayar da ita gidan yarin mata na Cascades a Hobart.

Ba zan manta daren da na buɗe takardar siffar tamu ba. Gajeriya ce ƙwarai, akawun ya rubuta launin gashinta da idonta, ya ce akwai tabo a yatsarta, sannan a hannunta akwai zanen haruffa biyu. Na ƙara girman hoton ina ta kallon haruffan nan, daga baya a takardar isowa muka ga sun yi daidai da farkon sunan mahaifiyarta. Yarinya ce da ta san ba za ta ƙara ganin uwarta ba. Na kira matar ƙanena ta zo ta gani, mun daɗe ba wanda ya ce komai.

Don haka kar ka raina takardar isowa ta Tasmaniya, musamman ta shekarun 1840 zuwa sama, a can gefen dama ana rubuta dangin da ya bari, F uba, M uwa, B 'yan'uwa maza, S mata, W mata ta aure, wani lokaci da sunayensu da garin da suke. Wannan ita ce gadar da za ta tsallakar da kai Ingila.

Na New South Wales yana hannun Museums of History NSW, ɗakin karatunsu yana Kingswood a yammacin Sidni, jerin sunayen fursunoni kyauta ne a shafinsu. Takardun isowa na farko-farko ba su da komai sai suna da kotu da wa'adi, sai daga baya aka fara sa garin haihuwa, sana'a, addini, iya karatu da siffa. Littattafan halaye irin na Tasmaniya ba su tsira a nan ba, sai ka haɗa labarin daga wasiƙun sakataren mulki da littattafan gidan yari da na kotunan majistare. Na Yammaci kuma gidan yarin Fremantle yana da rumbun bincike kyauta, kowane fursuna da lambarsa, ka riƙe lambar nan ita za ka kai ma'adanar jihar.

Rubutun zai ba ka wahala da farko. Jno John ne ba Jonathan ba, Wm William, Thos Thomas, Jas James, idan ka ga do yana nufin daidai da na sama. Akwai kuma wata doguwar s da ke kama da f. Ka karanta shafukan mutum biyar shida na kusa da naka, hannun akawun zai zauna maka.

5. Takardun 'yanci

Huɗu ne kuma mutane na rikita su. Ticket of Leave ɗaurin talala ne, mutum zai yi aikin kansa ya ci kuɗinsa amma ba zai bar gundumar da aka rubuta masa ba, kuma ana iya ƙwacewa. A ƙa'idar da aka fi bi mai shekara 7 yana samu bayan 4, mai 14 bayan 6, mai rai-da-rai bayan 8, in bai yi laifi ba. Certificate of Freedom shaidar ya gama wa'adinsa ne, mai rai-da-rai ba ya samun wannan. Conditional Pardon afuwa ce bisa sharaɗin kar ya koma Birtaniya, Absolute Pardon kuma afuwa ce gaba ɗaya.

Amfanin takardar talala a gare ka shi ne gundumar da ke jiki. Idan ta ce mutumin yana wata gunduma a shekarar da aka haifi 'ya'yan naka kakan a wata gunduma mai nisan kwana da kwanaki, to ka koma mataki na 3.

6. Tsallaka Ingila, nemo shari'ar

Yanzu kana da sunan kotu da ranar hukunci. Idan Landan ce ko gundumar Middlesex, shafin Old Bailey Online ya ɗora bayanan shari'o'in kotun Old Bailey ta Landan daga 1674 zuwa 1913 kyauta, za ka karanta abin da shaidu suka faɗa, kuɗin kayan da aka sata har sule da kwabo, wani lokaci da 'yar maganar da wanda ake tuhuma ya yi don kare kansa. Daga nan ka shiga Digital Panopticon, shi ma kyauta, yana haɗa shari'ar da sauran takardun mutum. Amma kwamfuta ce ta yi yawancin haɗin, takan haɗa mutum biyu ta mayar ɗaya, ka duba da kanka.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya nema a Old Bailey bai gani ba ya ce ai babu. Yawancin fursunonin ba a Landan aka yi musu shari'a ba. Idan takarda ta ce kotun Assizes ce, takardun suna babbar ma'adanar Birtaniya da ke Kew a Landan ƙarƙashin ASSI. Idan ta ce kotun Quarter Sessions ko QS, suna ma'adanar gundumar da aka yi shari'ar, sai ka tura musu imel da suna da rana, za su gaya maka kuɗin kwafi. Rajistar masu laifi HO 26 da HO 27 za ta tabbatar maka da laifi da hukunci. Idan ka ga an rubuta hukuncin kisa kar ka ce ba shi ba ne, da yawa an yanke musu kisa sannan aka sassauta zuwa kora.

Sannan takardar tuhuma kar ka yarda da garin da ta ce mutum ya fito, yawanci garin da aka yi laifin ake sawa, sana'a ma kusan kowa lebura ake rubuta masa.

Abin da ni na fi so a Kew shi ne takardun roƙon sassauci, HO 17 na 1819 zuwa 1839 da HO 18 na bayansa, da rahoton alƙalai HO 47. Nan ne kawai za ka ji muryar dangi, uwa ko mata na roƙon a bar mata shi, limamin coci da maƙwabta sun sa hannu. Ba kowa aka yi wa ba amma ka duba, ana neman HO 17 da HO 47 da suna a kundin Discovery na shafin ma'adanar Kew kyauta.

7. Jira a kan ruwa da tafiyar kanta

Bayan hukunci maza ana kai su tsofaffin jiragen yaƙi da aka mayar kurkuku a kan ruwa a Woolwich, Chatham, Portsmouth da Plymouth, rajistarsu HO 9 da HO 8. Mata sukan jira a gidan yari. Wani ya yi watanni wani shekaru, kuma ka sani ba duk wanda aka yanke wa kora ne ya tafi ba, wasu a nan suka gama wa'adin ko suka mutu, wasu Bermuda ko Jibraltar aka kai su aiki. Ganin hukunci ba ganin isowa ba ne.

Tun daga 1815 kowane jirgi da likitan sojan ruwa mai kula da fursunoni, littattafansu suna ADM 101. Ko sunan naka bai fito cikin marasa lafiya ba ka karanta, za ka san yadda wata huɗun nan a teku suka kasance.

8. Idan daga Ailan ko Sikotilan ya fito

Wanda aka ɗauka daga Dublin ko Cork ba ya cikin HO 11, don haka ba za ka gan shi a rumbun Queensland ba, mutane da yawa a nan suke karaya. Ka je shafin ma'adanar ƙasar Ailan, tana da rumbun waɗanda aka kora kyauta. Sai dai gobarar ginin kotuna na Four Courts da ke Dublin ta 1922 ta cinye rajistar kafin 1836, abin da ya rage na lokacin takardun roƙo ne, don haka takardar isowa ta Ostireliya da jaridu su ne madogararka. Na Sikotilan yana National Records of Scotland a Edinburgh, JC26 takardun babbar kotu, AD14 kuma bayanan shaidu kafin shari'a, suna da zurfi sosai.

Wani abu da ban sani ba sai da na shiga harkar nan, ba duka Turawa ba ne. A ayarin farko na 1788 akwai baƙaƙen fata 'yan asalin Afirka kamar John Caesar da John Randall da John Martin, daga baya an kawo wasu daga Kef ta Afirka ta Kudu da tsibirin Moris (Mauritius) da tsibiran Karibiyan. Zuriyar Randall da Martin suna da yawa a Ostireliya yau, wasu sai a gwajin DNA suka fara sanin haka.

9. Iyalin da aka bari, da jaridu

Da garin haihuwa da sunayen dangin da ka samo sai ka nemi baftisma a littattafan coci, shafin FamilySearch kyauta ne. Rajistar gwamnati a Ingila ta fara Yuli 1837, jerinta na shafin FreeBMD, ƙidayar 1841 kuma ita ce ta farko mai sunan kowa. Shekarun fursuna ka ba su sararin biyu ko uku gaba da baya.

Ka shirya ranka za ka iya tarar da iyali biyu. Mutum ya bar mata da yara a Ingila ya sake aure a Ostireliya, da yawansu sun ɗauka rabuwar shekara 7 da teku a tsakani ta warware auren. Idan ka samu haka ka yi tunani kafin ka faɗa a gaban tsofaffi, ka fara gaya wa mutum ɗaya mai hankali a gidan.

Jaridun Ostireliya suna shafin Trove kyauta tun daga Sydney Gazette ta 1803, ka haɗa sunan mutum da sunan jirgi a bincike, za ka ga sanarwar talala, cigiyar wanda ya gudu da siffarsa, har ta'aziyya. Na Birtaniya suna British Newspaper Archive, wannan na kuɗi ne, amma in shari'ar ba ta Landan ba ce sau da yawa rahoton jarida ne kawai zai gaya maka abin da ya faru a kotu.

10. Maganar kuɗi

Kusan duk abin da na lissafa daga mataki na 3 zuwa na 8 kyauta ne in ban da kwafi. Inda kuɗi ke fita shi ne takardun mutuwa da aure, mu guda biyar muka saya, sai shafukan Ancestry ko Findmypast masu hoton takardun New South Wales da na Kew. Shawarata kar ka yi rajistar shekara. Ka gama na kyauta tukuna, ka rubuta jerin takardun da kake buƙata da lambobinsu, sannan ka biya wata ɗaya ka kwashe su duka, ka kuma tuna ka kashe sabuntawa don kar su ci gaba da cire maka kuɗi a kati. Wanda ke Ostireliya ko Birtaniya ya fara tambayar ɗakin karatun unguwarsu, da yawa suna da su kyauta a kwamfutocinsu. Shiga Kew ma kyauta ne, katin mai karatu kawai za ka yi da shaidarka.

Mai bincike na haya sai in takardar ba ta intanet kuma ba ka da hanyar zuwa, ka ba shi lambar takarda takamaimai ku yi ciniki kafin ya fara, kar ka ce masa kawai nemo min kakana.

Mu yanzu abin da ya rage shi ne kabarinta. Mun san garin da ta rasu a arewacin Tasmaniya, mun rubuta wa cocin muna jiran su duba littafin jana'iza, dattijuwar ta ce in an samu wurin ko a keken guragu sai an kai ta.